'Ya'yanmu Sun Yi Yawa Ne? Nazari A Kan Nehemiya Sura 5

Akwai wata magana da ta shiga bakin mutane a zamanin nan, har ta zauna daram kamar ba mai iya taɓa ta. Ana cewa wai mun talauce ne domin mun yi yawa. Ana jinta a rediyo, ana karanta ta a jarida, samarinmu da su ke makaranta kuma su kan komo gida da ita lokacin hutu. Yanzu har ta iso ƙofar ɗakin sujada. Mace mai bi ta kan shigo da goyo a baya da ciki a gaba, maimakon a yi murna da ita sai a bi ta da ido, wata ma ta sunkuya ta ce wa ta kusa da ita, "Kuma dai?" Wannan kallo ba ƙaramin abu ba ne, 'yan'uwa, gama akwai matan da shi ne ya kora su zuwa wurin mai zubar da ciki a ɓoye, waɗansunsu kuwa ba su komo da ransu ba.

Saboda haka ya wajaba mu auna maganar nan da kyau. Idan gaskiya ce mu karɓe ta ko da ta yi mana ɗaci. Idan kuwa ba gaskiya ba ce, kada mu yarda a rataya wa jariri laifin da manya suka yi. Ka ɗauki Littafinka ka karanta Nehemiya sura 5 dukanta kafin ka ci gaba, gama a kanta nazarinmu na watan nan ya tsaya.

Kukan da aka kai wa Nehemiya

Wajen shekara 445 kafin haihuwar Almasihu, Nehemiya mai shayar da sarkin Farisa ya sami izini ya tafi Urushalima domin ya gina garun birnin da ya rushe. Ana tsakiyar aiki, magabta suna barazana daga waje, sai wani kuka ya tashi daga cikin gida. Talakawa ne suka taru, maza da matansu. Mu lura an ambaci matan musamman, gama mace ce ta ke fara sanin ranar da rumbu ya kai ƙasa.

Masu kukan kashi uku ne. Na fari suka ce suna da 'ya'ya maza da mata da yawa, suna bukatar hatsi domin su rayu. Na biyu suka ce sun riga sun jinginar da gonakinsu da gonakin inabinsu da gidajensu domin su sami hatsi saboda yunwa. Na uku suka ce sun ci bashi a kan gonakinsu domin su biya harajin sarki. Ƙarshen abin kuwa shi ne 'ya'yansu sun soma shiga bauta a gidajen 'yan'uwansu Yahudawa, waɗansu 'yan mata ma an riga an tafi da su, iyayen kuwa ba su da ikon fansa, da ya ke gonakin suna hannun waɗansu.

To, da Nehemiya ya tsaya a aya ta 2 ya rufe kunnensa, da ya sami amsa mai sauƙi. Sai ya ce, ai kun faɗa da bakinku, 'ya'ya ne suka yi muku yawa, ku tafi ku rage haihuwa. Da masu dukiyar Urushalima sun yaba masa ƙwarai, domin amsa ce wadda ba za ta ci musu ko anini ba. Amma ya saurara har ƙarshe. Ya husata ƙwarai, ya yi shawara da zuciyarsa, sa'an nan ya kira babban taro ya tsayar da manyan gari da shugabanni a gaban jama'a. Ka duba surar daga aya ta 6 zuwa ta 13, ba za ka sami kalma ɗaya da ya faɗa a kan yawan yaran ba. Ruwan bashi ya tsauta wa, da riƙe gonakin mutane, da cinikin 'yan'uwa. Ya ce a mayar da gonaki da gidaje a ranar nan, ya kira firistoci aka rantsar da su, ya kakkaɓe rigarsa a gabansu alamar yadda Allah zai kakkaɓe wanda ya ta da alkawarin.

Ga wata tambaya da ya kamata mai nazari ya yi wa kansa. Idan hatsi ya ƙare a ƙasar Yahuda domin bakuna sun yi yawa, ina masu ba da bashi suka sami hatsin da su ke bayarwa a bakin gona? Ashe hatsi yana nan. Yana cikin rumbunan mutane kaɗan, talaka kuwa ba shi da abin da zai kai a buɗe masa sai gonarsa ko 'yarsa. Abin da Misalai 13:23 ta ke koya mana ke nan, cewa gonar matalauci tana iya ba da abinci mai yawa, rashin gaskiya ne ya ke share shi.

Akwai kuma abin mamaki a cikin littafin nan. Da aka gama garun cikin kwana 52, damuwar da ta biyo baya ita ce ƙarancin mutane. Sura 7 aya 4 ta nuna birnin yana da fāɗi amma mazaunansa kaɗan ne, har a sura 11 sai da aka jefa ƙuri'a aka ɗauko mutum ɗaya cikin goma daga ƙauyuka ya zo ya zauna a ciki. Yaran da aka yi kuka a kansu a sura 5 su ne birnin ya ke jira.

Inda maganar ta fito

Ba a ƙasarmu aka haifi wannan koyarwa ba. Wani limamin ekklesiyar Ingila ne, sunansa Thomas Malthus, ya shimfiɗa ta cikin wani littafi a 1798. Lissafinsa shi ne mutane suna ƙaruwa ninki ninki, 1, 2, 4, 8, 16, abinci kuwa yana ƙaruwa ɗaya ɗaya, 1, 2, 3, 4, 5. Saboda haka, in ji shi, labudda bakuna su tsere wa abinci, sai yunwa ko annoba ko yaƙi su zo su rage su. Mutum ne mai hankali, lissafin kuwa yana da kyau a kan allo. Amma a ƙidayar 1801 mutanen Ingila da Wales wajen miliyan 9 ne, a ƙidayar 2021 kuwa sun kusa miliyan 60, talakan cikinsu yana cin abin da kakansa na zamanin Malthus bai taɓa gani ba.

A 1968 wani malamin jami'a a Amurka, Paul Ehrlich, ya sāke ta da maganar da ƙarfi. Ya ce an riga an makara, ɗaruruwan miliyoyin mutane za su mutu da yunwa cikin shekarun 1970, ƙasar Indiya kuwa ya ga kamar ba ta da mafita. A daidai lokacin nan wani masanin aikin gona, Norman Borlaug, wanda ya yi shekaru yana gwajin irin alkama a Meksiko, ya riga ya kai Indiya da Pakistan wata alkama mai gajeren kara wadda ba ta kwanciya in an ba ta taki da ruwa. Alkamar da Indiya ta girbe ta tashi daga tan miliyan 12 a 1965 zuwa tan miliyan 20 a 1970. Mutanen Indiya wajen miliyan 500 ne sa'ad da aka yi musu wancan annabci. A 2023 sun wuce miliyan 1,400, a 2022 kuwa ba ƙasar da ta kai Indiya sayar da shinkafa ga ƙasashen waje. Har yanzu akwai yara masu tamowa a can, wannan gaskiya ne. Amma ƙasar da ta ke loda wa jiragen ruwa shinkafa ba za ta ce bakuna ne suka cinye abincin ba. Ciwonta irin na Nehemiya 5 ne.

Duniya duka ma haka. Wajen 1800 mutanen duniya miliyan dubu ne, watau biliyan 1. A 1960 sun kai biliyan 3, a Nuwamba 2022 suka cika biliyan 8. Bisa ga lissafin Bankin Duniya, a 1990 fiye da mutum 1 cikin 3 yana cikin matsanancin talauci, a 2019 kuwa wajen 1 cikin 10 ne. Mutane suka ƙaru, talauci ya ragu. Abin da Malthus ya manta shi ne Allah bai taɓa aiko da baki shi kaɗai ba. Kowane baki ya kan zo da hannu biyu da hankali.

In ana so a gwada ƙasa da ƙasa, ga Koriya ta Kudu. Girmanta wajen kashi ɗaya cikin tara na Nijeriya ne, duwatsu sun cinye yawancinta, ba ta da man fetur, da aka gama yaƙinta a 1953 tana cikin ƙasashen da suka fi talauci a duniya. Mutum fiye da 500 ne su ke zaune a kowane murabba'in kilomita nata, tana kuwa cikin ƙasashe masu arziki. Ga kuma Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wadda ta fi Faransa girma, ga ruwan sama, ga daji, ga lu'ulu'u, mutanenta ba su wuce 10 a murabba'in kilomita ba, tana kuwa cikin matalauta na ƙarshe saboda yaƙi da mugun mulki. Da ƙarancin mutane ne ya ke kawo arziki, ai da su ne za su riƙa aika wa Koriya taimako.

Me ya ke kawo yunwa?

A 1943 yunwa ta kashe mutum miliyan 2 zuwa 3 a Bangal ta ƙasar Indiya. Wani yaro ɗan shekara tara, Amartya Sen, ya ga abin da idonsa. Da ya girma ya zama masanin tattalin arziki sai ya koma ya bincika, ya nuna cewa abincin da ke Bangal a shekarar nan bai gaza na 1941 ba, shekarar da ba a yi yunwa ba. Yaƙin duniya ne ya sa farashin shinkafa ya tashi, masu kuɗi suka saye suka ɓoye, 'yan ƙwadago da masunta kuwa ladansu bai kai mudu ba. Su ne suka mutu. An ba shi lambar Nobel a 1998 saboda aikinsa a kan irin waɗannan al'amura. Amos makiyayin Tekowa ya riga shi ganin wannan da daɗewa. Ka karanta Amos 8:4-6, ka ga 'yan kasuwa masu ƙosawa Asabar ta wuce domin su buɗe rumbu, suna rage mudu, suna ha'inci da ma'auni, suna sayar da har ƙaiƙayi. Misalai 11:26 kuma ta faɗi abin da jama'a su ke yi wa mai ɓoye hatsi.

Mu a nan mun san wannan. 'Yan'uwanmu na Nijar ba su manta da 2005 ba. Daminar 2004 ta zo da fara da ƙarancin ruwa, amfani ya ragu, amma ba raguwar da za ta hallaka ƙasa ba. Kasuwanni ba su rasa gero ba. Kuɗin buhu ne ya ninka, har ya fi ƙarfin wanda ya sayar da nasa da arha tun da kaka domin biyan bashi. Jihar Maraɗi, wadda ta ke cikin rumbunan ƙasar, kuma babbar mahadar fataucin hatsi, ita ce ta cika wuraren jinyar yara masu tamowa.

Tsofaffi kuma sun bar mana labarin yunwar 1914 wadda aka sa wa suna Kakalaba, bayan daminar 1913 ta ƙi. A lokacin nan mutanen Nijeriya duka ba su kai kashi ɗaya cikin goma na yawansu na yau ba. Daji yana nan ba iyaka, wanda ya so gona sai ya sa gatari. Duk da haka mutane suka mutu ƙwarai a ƙasar Hausa, gama ga fari, ga haraji, ga rashin hanyoyin da za a kai hatsi ƙauyuka. Ƙarancin jama'a bai cece su ba.

A zamaninmu kuwa, wa ya hana noma a gaɓar Tafkin Cadi tun da tashin hankali ya ɓarke a 2009? A Nuwamba 2020 an kashe manoman Zabarmari sama da 40 a cikin gonar shinkafa suna girbi. A Zamfara da Katsina da waɗansu sassan Kaduna 'yan bindiga sun sa wa ƙauyuka haraji kafin a shiga gona, da wani kafin a kwashe amfani. Dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace cikin shekarun 1970, sa'ad da fari da ciwon gyaɗa suka haɗu da kuɗin man fetur wanda ya ɗauke hankalin hukuma daga gona. A 2003 shugabannin Afirka suka taru a Maputo suka yi alkawari kowace ƙasa za ta ba aikin gona kashi 10 cikin 100 na kasafinta, kaɗan ne kuwa suka cika. Wanda ya ga wannan duka ya juya ya nuna cikin matar talaka da yatsa, ya bar jaki yana dukan taiki.

Hannu da yawa a gona

Farawa 1:28 ta sa albarkar haihuwa da aikin mallakar ƙasa a cikin aya ɗaya, 2:15 kuma ta nuna an sa mutum a gonar domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta. Akwai masu cewa in mutane sun yi yawa ƙasa ta kan mutu. Ya kan faru, amma ba dole ba ne, shaida kuwa tana kusa da mu.

Karkarar da ta kewaye birnin Kano tana cikin wuraren da manoma suka fi cunkuso a Afirka ta Yamma, tun kafin zuwan Turawa. Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'ar Zariya da ta Kano, ya yi shekaru yana bincike a wurin. Ya tarar ana noma gonakin kowace shekara ba hutu, duk da haka ba su mutu ba. Dalili kuwa, akwai hannuwan da za su ɗaure awaki da tumaki su tara takinsu, su kai mangalar juji a kan jaki daga birni da rani, su shuka wake da gyaɗa a tsakanin gero da dawa, su tara harawa, su bar ɗorawa da kuka da gawo a tsaye a gona. Irin wannan noma ba ya yiwuwa ga mutum ɗaya mai gona goma. Shi da abokan aikinsa suka ga haka kuma a Machakos ta ƙasar Kenya, inda jama'a ta ninka sau biyar tsakanin 1930 da 1990, zaizayar ƙasa kuwa ta ragu domin an sami masu gina matakala a jikin tuddai.

Labarin Maraɗi ya fi shafarmu, da ya ke ɗan mishan ne a ciki. Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya zo Nijar a 1981 yana aikin dashen itatuwa, yawancin dashen kuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura ƙananan tsire-tsiren da manoma su ke sassabewa kowace bazara toho ne daga kututturan manyan itatuwa waɗanda saiwarsu tana da rai a ƙarƙashin ƙasa. In an zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka datse sauran, aka kiyaye su, sai itace ya tashi da sauri. Manoma suka sa wa abin suna sassabin zamani. Da yunwar 1984 ta zo aka haɗa shi da rabon abinci, daga baya ya bazu daga gona zuwa gona ba mai tilasta wa kowa, musamman da manoma suka tabbata itacen da suka raina nasu ne, ba na ma'aikatan daji ba. Bayan shekara 20 hotunan tauraron ɗan adam suka nuna wajen hekta miliyan 5 sun sāke yin itatuwa, kimanin miliyan 200. Cikin shekarun nan jama'ar Nijar ta ninka. Itatuwan ba su kawar da yunwa ɗungum ba, 2005 shaida ce, amma sun nuna ƙaruwar mutane ba ta hana ƙasa farfaɗowa.

Inda maganar ta ke da ƙamshin gaskiya

Kada mu yi kamar ba mu ga kome ba. Mutum ya mutu ya bar gona ɗaya da 'ya'ya maza shida, an raba gandu, kowa ya sami abin da bai fi gayauna ba. Aji ɗaya yara ɗari, malami ɗaya. Wannan matsi ne na gaske. Littafi ma ya san shi, gama Farawa 13 ta ce ƙasar ba ta ishi Abram da Lutu su zauna tare ba, har makiyayansu suka yi faɗa. Sai dai mu lura, garkuna ne suka yi yawa, gama Abram ba shi da ɗa ko ɗaya a lokacin. Maganin kuwa shi ne babba ya kira ƙarami suka yi sulhu suka raba wuri. Manoma da makiyaya na yau suna da abin koyo a nan, amma wannan nazarin wani wata ne.

Mu kan ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Magana ce mai kyau a bakin mai aiki. A bakin rago kuwa ta zama mayafi. Allah yana ciyar da yaro ta hannun ubansa, 1 Timothawus 5:8 kuwa ta ajiye wanda ya ƙi kula da iyalinsa a bayan marar bi. A 2 Korantiyawa 12:14 Bulus ya ce iyaye ne su ke tanada wa 'ya'ya. Mutumin da ya sayar da dami goma da kaka ya sha giya da kuɗin, ko ya tafi cin rani bai aiko da kome ba, in matarsa ta rasa abin dafawa kada ya ce yara ne suka yi yawa, kada kuma ya ce yana dogara ga Allah.

Akwai kuma lafiyar uwa. Kakanninmu sun san wannan tun ba asibiti. Mace ta kan shayar da yaro wajen shekara biyu kafin a yaye shi, kunika kuwa, watau sabon ciki tun ba a yaye na baya ba, abin kunya ne ga miji. Mata da yawa a ƙasarmu suna mutuwa wurin haihuwa. Mijin da bai bar matarsa ta huta ba, bai kai ta awon ciki ba, bai tanadi kuɗin mota domin ranar naƙuda ba, ya karanta 1 Bitrus 3:7. A ganina miji da mata masu bi suna da 'yanci su zauna su yi shawara da addu'a a kan tazarar da za su bari tsakanin 'ya'yansu. Ekklesiyoyi sun bambanta a kan hanyoyin, 'yan'uwanmu na Katolika suna da tasu koyarwa, kowa ya nemi shawarar shugabanninsa da ta ma'aikatan lafiya masu tsoron Allah. Haka kuma yawan 'ya'ya ba ma'aunin ibada ba ne. Alisabatu ta tsufa ba ɗa, Luka kuwa ya shaida ita mai adalci ce. Amma ba da tazara abu ɗaya ne, kashe wanda ya riga ya samu a ciki wani abu ne dabam.

Lissafin Fir'auna

Sarki na fari da Littafi ya ce ya ji tsoron yawan mutane shi ne Fir'auna na Fitowa sura 1. Da ya ga Isra'ilawa suna ƙaruwa ya fara da aikin tilas, da bai yi ba ya umarci ungozomai su kashe 'ya'ya maza a wurin haihuwa, daga nan ya kai ga jefa su a kogi. Shifra da Fu'a suka ji tsoron Allah suka ƙi. Littafi ya kiyaye sunayen matan nan biyu, bai ko faɗi sunan sarkin ba. Ɗaya daga cikin yaran da lissafin nan ya so ya share shi ne Musa.

Duk inda hukuma ta gaskata mutum kaya ne, nan ta ke nufa. A Indiya, cikin dokar ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977, an yi wa miliyoyin mutane aikin hana haihuwa, yawancinsu talakawa, da yawa kuwa bisa tilas. Ƙasar Sin ta kafa dokar ɗa ɗaya wajen 1980. Aka ci tarar iyaye, aka zubar da cikin mata ba da yardarsu ba. Da ya ke mutane suna son namiji, sai 'ya'ya mata suka fi shan wuyar abin, har ƙidayar 2020 ta nuna maza sun fi mata da wajen miliyan 35. Aka soke dokar a ƙarshen 2015 aka ce biyu, a 2021 aka ce uku, a 2022 kuwa jama'ar ƙasar ta soma raguwa. Babbar yunwar Sin ta 1959 zuwa 1961, wadda ta kashe miliyoyi masu yawa, ta zo ne sa'ad da mutanen ba su kai rabin na yau ba, bayan hukuma ta ƙwace gonaki ta haɗa. Abinci ya yawaita bayan 1978, sa'ad da aka bar kowane gida ya noma rabonsa ya sayar da rarar. Koriya ta Kudu ma, wadda ta yi shekaru tana roƙon mutanenta su rage haihuwa, a 2023 lissafin haihuwarta ya faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace, hukuma kuwa ta koma ba iyaye kuɗi domin su haihu.

Mai bi ba ya jiran waɗannan lissafi kafin ya san darajar ɗan da ke ciki. Zabura 139:13-16 ta nuna Allah yana aiki a kan mutum tun yana ɓoye a cikin uwarsa. An keɓe Irmiya tun kafin a haife shi. Yohanna mai baftisma ya motsa da murna yana ɗan wata shida a ciki sa'ad da Maryamu ta yi sallama. Ko da a ce lissafin Malthus ya fita daidai, ba mu da izinin taɓa wannan rai. Balle ga shi bai fita ba.

Abin da ya rage a hannunmu

Nehemiya bai tsaya a tsautawa ba. Shi da 'yan'uwansa ma sun ba da bashin kuɗi da hatsi, ya ce su ma za su bar shi. Shekara 12 yana mulki bai karɓi abincin da a ke ba mai mulki ba, mutum 150 kuwa suna ci a teburinsa. Ekklesiyar da ta ce wa mace kada ta zubar da ciki ta ɗauki irin wannan kaya a kanta, gama Yaƙub 2:15-16 ta hana mu sallamar mayunwaci da fatar baki.

Akwai masu bi a cikinmu da su ke ba ɗan'uwa dami ɗaya da damina su karɓi biyu da kaka. Akwai gonakin gwauraye da aka jinginar shekara da shekaru, mai riƙe da su kuwa yana zaune a kujerar gaba ran Lahadi. Dokar kala ta Levitikus 19:9-10, wadda ta ciyar da Rut da Na'omi, ta nuna matalauci yana da rabo a gonar mai hali bisa ga umarnin Allah. Hatsin godiya da a ke kawowa da kaka, yawancin ekklesiyoyi su kan sayar da shi nan da nan lokacin da ya fi arha. Da a ce a kan ajiye kashi ɗaya a rumbun ekklesiya har Yuli da Agusta, a ba da shi rance mudu a bakin mudu, da gidaje da yawa ba su shiga hannun masu ruwa ba.

Zumuntar mata kuma tana da aikin Shifra da Fu'a. Su ne su kan fara jin labarin matar da ta ke kuka a kan cikin da ta ɗauka. Su je wurinta tun da wuri, da kwano a hannu. Haka kuma yarinyar da ta yi ciki ba aure. Horon ekklesiya yana da wurinsa, ya kamata kuwa ya kai ga saurayin kamar yadda ya kai gare ta, amma idan tsoron kunyar da za mu ba ta ya fi mata tsoron zubar da jini, muna da hannu a cikin jinin nan.

A taron dattawa na watan nan a karanta Nehemiya 5 da ƙarfi. Sa'an nan a bincika a hankali, ba tare da tonon asiri ba, gonaki nawa ne na masu bi su ke jingine a hannun masu bi, da nawa aka jinginar da su, shekara nawa kuma mai riƙon ya ci amfaninsu. Wanda ya riga ya ci fiye da abin da ya bayar, a aiki dattawa biyu su same shi a gida, domin mai gonar ya sami shiga da taki kafin ruwan shuka ya sauka.